Nazarin lamari: shugabar zumuntar mata a Maradi da kaya suka yi wa yawa, Agusta 2023 zuwa Afrilu 2025

Wace ce, kuma me take ɗauke da shi tun farko

Ita da kanta ta yarda a rubuta wannan, amma ta ce a bar suna da unguwa, to na bari. Shekarunta 43 lokacin da abin ya fara, malamar lakkwal ce ta firamare a cikin garin Maradi, ɗiyanta biyar, mijinta direba ne yana jigilar kaya daga Maradi zuwa Katsina har Kano ta hanyar Ɗan Isa da Jibiya. A gidan akwai uwar mijin wadda ɓarin jikinta ya shanye tun 2022, sai an ɗaga ta an kwantar, ga kuma ɗiya biyu na wanta da ya rasu da aka kawo mata daga ƙauye wajen Gidan Rumji. Baki goma ke nan a tukunya guda.

A majami'armu ita ce shugabar zumuntar mata tun 2019, ita ke riƙe da littafin asusun mata, ita ke koyar da ƙananan yara a makarantar Lahadi, in an yi rasuwa ko haihuwa ko baƙi sun sauka daga ƙauye wayarta ake fara kira. Ni ina cikin masu ziyarar marasa lafiya, shi ya sa na ga abin a kusa. Wanda bai zauna nan ba zai ce me ya sa mutum ɗaya da wannan duka, to mu Kirista a Nijar ba mu kai kashi 1 cikin 100 ba, duk da bishara ta daɗe a wannan yanki tun wajen ƙarshen shekarun 1920 da ƴan mishan suka zauna Tsibiri. Ikkilisiya ƙarama hannuwanta kaɗan ne, in ka duba mutum goma ɗin nan su ne mawaƙa su ne masu girki su ne ƴan kwamiti, kuma wanda bai iya cewa a'a ba shi ake ƙara ma wa.

Agusta zuwa Disamba 2023: an rufe iyaka

Ranar 26 ga Yuli 2023 aka yi juyin mulki, ranar 30 ga wata CEDEAO, ƙungiyar ƙasashen Afirka ta Yamma, ta sa takunkumi, aka rufe iyaka, Najeriya ta yanke kuran. Maradi kuwa kowa ya san da iyakar nan take numfashi. Motar da mijin ke ja ta tsaya cik, abin da yake kawowa ya yanke gaba ɗaya, kuɗin abinci da na magani suka tashi, albashinta kaɗai ya rage.

Abin da ta yi shi ne ta ƙara aiki. Ta fara tashi ƙarfe 4 na asuba tana suyar ƙosai a ƙofar gida kafin ta tafi lakkwal, da marece tana koya ma ɗiyan wasu gidaje biyu karatu ana biyanta a wata, in ta dawo ta yi ma tsohuwa wanka ta canza mata shimfiɗa, sannan ta zauna gyaran takardun ɗalibai da fitilar waya. Kwanciya sai wajen 11 da rabi. Barcinta bai kai awa biyar ba. A majami'a kuma buƙata ƙaruwa ta yi don kowa ya shiga matsi, masu neman bashi daga asusun mata suka yi yawa, kuma ita ce ake zuwa gidanta a yi kuka. In ka tambaye ta ya gajiya sai ta ce babu gajiya, Ubangiji na nan. Mu ma muka ce amin muka wuce.

Janairu zuwa Afrilu 2024: jiki ya fara magana

Ciwon kai ya fara zama mata kullum. Ta fara mantuwa, rana guda ta bar tsohuwa a rana tsakar gida har azahar don ta sha'afa ba ta gaya ma kowa ya shigar da ita ba. Ta fara yi ma yara tsawa, matar da ba a san ta da ɗaga murya ba. A Fabrairu lissafin asusu ya ƙi daidaita, jika 15, wato sefa dubu 15, suka ɓace a rubutu, ba wai an ci ba, ita ce ta ba wata bashi ta manta ba ta rubuta ba, sai ta cika daga aljihunta ba ta gaya ma kowa ba, sai daga baya muka ji.

A Maris ta je asibiti aka auna tansiyo, wato hawan jini, aka samu 17 da 10. Aka rubuta mata magani aka ce ta rage gishiri ta samu hutu. Ta sha sati biyu, da ya ƙare sai ta auna tsakanin maganinta da na tsohuwa, ta sayi na tsohuwa. A cikin watan ne aka sake buɗe iyaka bayan an ɗage takunkumi a ƙarshen Fabrairu, amma mai motar ya riga ya sayar da ita. A Afrilu mijin ya tafi Agadas neman aiki, yana aiko da ɗan abin da ya samu, wani watan jika 20 wani watan shiru.

Mayu zuwa Agusta 2024: abubuwan da aka fara gwadawa

Da muka lura tana ramewa sai zumunta ta sa azumi na kwana uku duk wata da kwana addu'a ran Juma'a saboda gidanta. Ita ce ta shirya taron, ita ta share wuri ta shimfiɗa tabarmi, ita ta jagoranci waƙa, kuma ta yi azumin tana suyar ƙosai tana koyarwa a zafin nan na Mayu. A wata na biyu jiri ya kwashe ta a cikin aji, ɗalibai suka ruga kiran darakta.

Sai ayoyi. Kusan kullum da safe akwai mai tura mata aya ta WhatsApp, ni ma ina ciki, na tura mata Filibiyawa 4:13 ya fi sau biyar, wasu 1 Bitrus 5:7 cewa ta zuba dukan damuwarta a kan Ubangiji, wasu kuma maganar nan da ake yawan yi cewa Allah ba ya ɗora ma bawa abin da ya fi ƙarfinshi. Tana amsawa da amin na gode. Daga baya ta gaya mani cewa duk ayar da ta shigo sai ta ji kamar an ce mata laifinta ne, tunda an ce za ta iya kome ta wurin Kristi ita kuwa ga shi ta kasa, to ashe bangaskiyarta ce ba ta cika ba, sai ta ƙara matsa ma kanta.

A Yuni aka yi baiko na musamman a majami'a aka tara jika 40 aka kai mata. Ta sayi maganin tsohuwa da tiya shida ta hatsi, sauran ta raba ma gwauraye biyu da ta ce sun fi ta buƙata. Kwana tara kuɗin suka yi. A Yuli dattawa suka naɗa mata mataimakiya, aka yi addu'a aka tafa, amma ba wanda ya faɗi abin da mataimakiyar za ta riƙe, mutane suka ci gaba da kiran wadda suka saba kira, kuma ita kanta in mataimakiya ta yi abu sai ta bi baya ta sake shi da dare.

30 ga Agusta zuwa 15 ga Satumba 2024: ruwa, sai faɗuwa

Ran Juma'a 30 ga Agusta aka yi ruwan nan da mutanen Maradi ba za su manta ba, a cikin ɗan lokaci kaɗan ruwa ya cika gari, gidaje suka rushe, mutane aƙalla 15 suka rasu a cikin birni. A gidanta katanga ta faɗi da ɗaki guda, Allah ya kiyaye ba kowa ciki. Gidaje uku na ƴan majami'a suka rasa wurin kwana, ita ce ta bi gida gida tana neman tabarmi da tufafi da wanda zai sauke su, alhali nata yaran bakwai suna cunkushe ɗaki ɗaya da tsohuwa.

Ran Lahadi 15 ga Satumba ba ta zo sujada ba, wayarta a kashe. Bayan an tashi mu biyu muka je. Muka tarar da ita zaune a ƙasa ta jingina da bango, da kayan jiya a jikinta, ba a hura wuta ba, babbar ɗiyarta ta ce tun asuba take haka. Na ce Malama lafiya. Ta ce ni kam na gaji, da Ubangiji zai ɗauke ni da na huta. Ba kuka take ba, a hankali ta faɗe shi, abin da ya fi ba ni tsoro ke nan. Abokiyar tafiyata ta tambaye ta kai tsaye ko tana tunanin yi ma kanta wani abu, ta ce a'a, barci kawai take so wanda ba mai tashinta. A ranar muka kai ta asibiti, tansiyo 19 da 11, aka riƙe ta har dare aka sa ta kan magani, likita ya ce kada a bar ta ita kaɗai kuma a dawo da ita bayan sati.

Satumba 2024: kwana uku na fura da barci

Akwai wata tsohuwa a majami'armu, duk Inna muke ce mata, mijinta mai bishara ne ya rasu, tare suka yi makarantar Littafi Mai Tsarki a Agye tun suna matasa. Da ta ji sai ta ɗauko tabarmarta da ƙwaryar fura ta tare a gidan. Kwana uku ba ta buɗe Littafi ba, ba ta yi wa'azi ba, ta karɓe wayar ta sa a cikin zanenta, duk wanda ya zo gaisuwa a ƙofa take tare shi. In Malama ta farka ta ba ta fura da magani ta ce koma ki kwanta. Mu kuma muka raba girki da kula da uwar miji a tsakaninmu na sati guda.

A rana ta huɗu ina wurin aka yi maganar. Inna ta ce ɗiyata, kin san annabi Iliya ya taɓa faɗin abin da kika faɗa? Ta ba ta labarin 1 Sarakuna 19 da baki, yadda bayan karawarshi da annabawan gunkin Ba'al a Dutsen Karmel ya gudu jeji ya zauna gindin wani itace ya roƙi Allah ya ɗauki ranshi, kuma mala'ikan da aka aiko bai yi mishi faɗa ba, waina da tulun ruwa ya ajiye mishi ya ce tashi ka ci, ya ci ya sake kwanciya, aka sake tashinshi ya ci karo na biyu, tambayar me kake yi a nan ba ta zo ba sai bayan tafiyar kwana arba'in, da ya kai Dutsen Horeb. Malama ta ce Inna, to in ban yi ba wa zai yi? Inna ta ce haka shi ma ya ce, ni kaɗai na rage, aka ce mishi akwai mutum dubu bakwai da bai san da su ba. Sai ta kawo Littafin Ƙidaya 11, inda Musa ya ce ma Allah ba zai iya ɗaukar jama'ar nan shi kaɗai ba sun yi mishi nauyi, in haka ne gara a kashe shi, Allah kuma ya ce ya tattaro dattawa saba'in su ɗauka tare da shi. Ta ce ɗiyata, ke kin fi Musa ne? A nan ne Malama ta fashe da kuka, karo na farko tun da abin ya fara.

Washegari Inna ta sa aka kawo takarda, ta ce a rubuta duk abin da take yi a sati, kome ƙanƙantarshi, har ɗebo ruwan wankan tsohuwa. Aka samu abu 23. Da fasto ya zo ya ga takardar ya yi shiru ya daɗe, sannan ya buɗe Galatiyawa 6, aya ta 2 ta ce mu ɗauki nauyin juna, aya ta 5 kuma ta ce kowa zai ɗauki kayan kanshi, ya ce a Helenanci, harshen da aka fara rubuta wasiƙar, nauyi da kaya kalmomi biyu ne daban ba ɗaya ba. Inna ta ce ai ko a kasuwa haka ne, jakarka kai ke rataye abinka, buhun hatsi kuwa sai an kama maka. Aka ja layi uku a takardar: nata, na dangi, na ikkilisiya. A cikin 23 ɗin bakwai ne kawai suka faɗa layinta, aikin lakkwal da tarbiyyar ɗiyanta da lafiyar jikinta da addu'arta da makamantansu.

Oktoba 2024: rabon kaya

Ran Lahadi 6 ga Oktoba bayan sujada fasto ya tsayar da dattawa da zumunta, da izininta. Ya karanta Fitowa 18, inda Yetro ya ga surukinshi Musa zaune yana shari'a tun safe har yamma ya ce mishi abin nan ba daidai ba ne, za ka gajiyar da kanka da mutanen, ka naɗa shugabanni na dubu da na ɗari da na hamsin da na goma. Ya ƙara da Ayyukan Manzanni 6, mutum bakwai da aka zaɓa don rabon abinci ga gwauraye. Sannan ya ce ba za a tashi ba sai kowane layi a takardar nan ya samu suna.

Aka raba zumunta gida huɗu bisa unguwanni, kowane da jagora, aka faɗi lambar kowace a gaban jama'a aka ce daga yau in an haihu ko an rasu ga wadda za a kira. Littafin asusu ya koma hannun mata biyu, kuɗi kuma cikin akwati mai makulli uku a hannu uku, kamar yadda masu asusu suke yi irin na Mata Masu Dubara da ya faro nan jihar Maradi a 1991. Matasa biyu suka karɓi makarantar Lahadi. Ita kuma aka ba ta hutun wata uku daga shugabanci, aka ce wayarta a kashe daga ƙarfe 9 na dare. Gwamnati ta ɗage komawa lakkwal daga 2 zuwa 28 ga Oktoba saboda ambaliya, wannan ya ƙara mata sati kusan huɗu na numfashi da ba wanda ya shirya shi.

Layin dangi shi ya fi wuya, don ita ta ce kunya take ji a ce ta gaza da uwar miji. Fasto da wani dattijo suka kira mijin a waya, suka yi mishi magana kan 1 Timoti 5, cewa ɗiya da jikoki su ne farkon masu kula da tsohuwarsu, kuma uwa tashi ce kafin ta zama ta matarshi. Shi ya kira ƴan uwanshi. Ƙanwarshi, musulma ce tana aure a Tsibiri, ta zo washegari ranta a ɓace ta ce yaya, wa ya gaya mana? kullum muka tambaya sai ki ce lafiya lau. Aka shirya tsohuwa ta riƙa yin wata guda nan wata guda Tsibiri. Wani ƙanen ya ɗauki alkawarin jika 10 duk wata na magani. Suyar ƙosai kuma maƙwabciyarta, ita ma musulma, ta karɓa suna raba riba.

Nuwamba zuwa Disamba 2024: inda aka yi tuntuɓe

Ba a tafi sumul ba. A Nuwamba aka yi rasuwa a gidan wani dattijo, kafin jagorar unguwar ta iso Malama ta riga ta ɗaura zane tana raba aiki, ta kwana biyu a wurin, tansiyo ya koma 16. Inna ta je har gidan makokin ta kama hannunta ta ce ɗiyata kin yi gaisuwa, mu tafi gida. Ɗaya daga cikin jagororin huɗu ta ajiye bayan sati shida ta ce mijinta bai yarda da yawan fita ba, sai da aka yi wata ana nema kafin a samu wata. Akwai masu gulma kuma, wai ta yi sanyi a bangaskiya, wai girman kai ne ya sa take kashe waya, maganar ta kai kunnenta kuma ta yi mata zafi ƙwarai. Ƙanen mijin ya biya wata biyu ya yi shiru. Girkin Kirsimeti ya makara da awa biyu, shinkafa ba ta isa ba, mutane suka yi ta cewa da Malama ce da ba haka ba. Fasto ya ce a bar shi haka, baɗi za su iya.

Janairu zuwa Afrilu 2025: inda aka tsaya

A Janairu ta koma shugabanci, amma aikinta yanzu zama ɗaya a wata da jagorori huɗu da kuma koyarwa a taron mata sau ɗaya. Mijin ya dawo a Fabrairu ya samu adaidaita yana ja a cikin gari. A awon da aka yi kafin Ista, wato 20 ga Afrilu, tansiyo 13 da 8, tana shan magani kullum, kuɗinshi an ware shi daga albashi tun ranar da ya shigo. Barci awa shida da rabi zuwa bakwai. Bashin gyaran ɗaki jika 120 ne, saura 45. Ɗiyan wanta suna nan a hannunta, ba a samu mai kama mata wannan ba. Tsohuwa na nan tana kai da komo tsakanin Maradi da Tsibiri. Malama ta ce mani hutun da Yesu ya yi alkawari a Matiyu 11:28 ta daɗe tana jira ya sauko mata tana kan gwiwa ita kaɗai, sai ga shi ya shigo ta ƙofar gida riƙe da ƙwaryar fura.

Abin da na gani

A ganina addu'a da azumi ba su ne suka kasa ba, yadda muka yi su ne, mun ɗora ma mai ciwo shirya addu'ar da ake yi dominta, mun sa mai hawan jini da ba ta barci ta ƙi cin abinci. Ayoyin da muka tura gaskiya ne kowace, amma mun tura su kamar mai miƙa ma wanda kaya ya danne shawara daga nesa hannunshi a aljihu, kuma ni ina cikin waɗanda suka yi haka, abin na damuna har yanzu. Maganar cewa Allah ba ya ɗora ma mutum abin da ya fi ƙarfinshi ma, 1 Korantiyawa 10:13 da ake jingina ta da ita kan gwaji take magana da hanyar fita daga cikinshi, Bulus ɗin da ya rubuta ta shi ne ya ce a 2 Korantiyawa 1:8 an nawaita musu fiye da ƙarfinsu a Asiya har suka fid da rai. Da mun karanta mata wannan tun Mayu da wataƙila ta buɗe baki da wuri.

Jika 40 ba su yi aiki ba don abin da ya ƙare mata ba kuɗi kaɗai ba ne, awoyi ne, kuma wanda ya saba bayarwa in ka ba shi kuɗi wucewa za su yi ta hannunshi. Mataimakiya ba ta yi aiki ba don muƙami aka ba ta ba aiki ba. Abin da ya canza lamarin shi ne jerin da aka bi, asibiti da abinci da barci tukuna, sannan Nassin da ya nuna mata manyan bayin Allah sun faɗi irin maganarta ba a kore su ba, sannan takarda mai suna da rana, kuma a wannan karon mu aka karanta ma Galatiyawa 6:2 ba ita ba. Ita ma tana da nata kason, lafiya lau ɗin da take faɗi ya rufe ƙofa ga mutanen da suke shirye su kama, har da waɗanda ba addininmu ɗaya ba.

Da muka zauna a kwamitin ziyara bayan Ista muka tambayi kanmu wa kuma yake cikin irin wannan hali a majami'a, ba mu yi minti biyu ba suna ɗaya ya fito daga baki uku, ma'ajinmu, wanda shi ne kuma mai buɗe ƙofa da mai kula da mawaƙa da mai kai fasto ƙauye a babur, ga shago ga iyali. Inna ta ce a nemo mata takarda, ran Talata za mu je gidanshi.